Ba Wanda Ya Ji Munzali Ya Ce Matata

Wheaton, Maryland
14 ga Afrilu, 2008

Taubashiyata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ƙara yi muku ta'aziyya. Yaya jikin Gwaggo, yaya maigidan da yara? Allah ya jiƙan Munzali, ya sa can ta fiye masa nan. Ni lafiya lau, sai ƙafar nan da ke kumbura in na wuni tsaye a shago.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san gidanku na Jos: in waya ta yi ƙara, daga Gwaggo har akuya sai sun matso. Ki shiga ɗaki ki ja ƙofa kafin ki ci gaba.

Na gaya muku ƙaninki ya faɗi a kicin da safe, zuciya ta tsaya. Gaskiya ne, amma rabin mudu na auna muku. Ban faɗa muku a hannun wa ya faɗi ba. Sunanta Dorkas Chuwang, nas ce, 'yar Birom daga wajen Vom. Shekara tara suna gida ɗaya. Ba haya take yi a wurinsa ba, kada ki yi min tambayar yara.

Dalilin shirunsa kuwa kin fi ni saninsa. Ya yi niyyar zuwa gida ya faɗa a 2001, har ya sayi tsarabarsa a shagona, sai rikicin Jos ya ci autanku Fatihu. Da wane baki zai ce wa uwar da ta binne ɗa ya samo mata suruka daga can ɓangaren? Ya ce bari ƙura ta lafa. Ƙura ba ta lafa ba, shi ya lafa.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Likita ya rubuta wa Munzali wani maganin ciwon suga shekarun baya. Yanzu ana ta faɗa a talabijin cewa maganin yana taɓa zuciya, lauyoyi suna talla kamar 'yan gwanjo. Na raka Dorkas wajen wata lauya mai suna Irene a Silver Spring. Ta saurare mu da kyau, ta ba mu ruwa, sannan ta tambayi takardar aure. Babu. Sai ta rufe birota. Ta ce a dokar Maryland, in ana zargin an yi sanadin mutuwar mutum, masu bakin kai ƙara su ne mata ko miji, da iyaye, da 'ya'ya. Wadda ta yi zaman gida ɗaya da shi ba aure, ko da ita ta rufe masa ido, daidai take da mai wucewa a titi. Munzali bai bar ɗa ba, Babanku ya riga mu gidan gaskiya. Saura Gwaggo.

Tayyiba, yarinyar nan tana ƙarewa a tsaye. Ita ke ba shi ƙwayar kullum da safe, da hannunta. Yakan ce tana kumbura masa ƙafa, tana sa shi haki, ita kuma ta ce sha, likita ya fi ka sani. Yanzu ta ce kowace safiya sai ta tsinci kanta ta cika kofi da ruwa ta ajiye a gefensa na tebur, ba ta san lokacin da ta tashi ta yi ba. Ta ce tana jin kacau-kacau ɗin kwalbar daga cikin kabad, alhali ni da kaina na ɗauke kwalbar na kai wa lauya. Abin da take so a gaya mata ɗaya ne: maganin ne, ko hannunta ne?

Ki lallaɓa Gwaggo ta dangwala yatsa a takardar da na haɗo. Yadda za ki shigo da zancen na bar miki, ke ce malamar makaranta.

Taki,
Lami

Jos
20 ga Yuni, 2008

Lami,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Inna tana fama da gwiwa, kuma ba ta cin abinci sosai. Allah ya sawwaƙe miki ƙafa.

Na karanta takardarki sau biyu. Shekara tara! Kina zuwa gida kina cin tuwonmu, kina kallon Inna tana aika masa hotunan 'yan mata, ba ki ce uffan ba. Sai da aka fara maganar kotu da diyya sannan bakinki ya buɗe. Tun muna yara na san ki, ko gawa kika gani sai kin duba ko da zobe a hannunta.

Kuma ke da kanki kika rubuta cewa yana cewa ba ya so, ita tana ɗura masa. Yanzu kina son uwarsa ta dangwala yatsa don wadda ta ɗura masa ta sami abin sawa a jaka?

Duk da haka na yi wa Inna zancen maganin, ban ambaci mace ba, kuma ba zan ambata ba. Ta ce in gaya miki ba a kai ƙarar ajali. Wanda ya ba ta shi ya karɓa, kuma ba za ta ci kuɗin jinin ɗanta ba ko da yunwa za ta kashe ta. Takardarki tana ƙarƙashin akwatina, ba a taɓa ta ba.

In kina son yi wa mamaci alheri, ki yi masa sadaka.

Tayyiba

Wheaton
9 ga Oktoba, 2008

Tayyiba, uwar 'yan fassara,

Gaisuwa mai yawa. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Ki duba min gwiwar Gwaggo, na ba mai kawo wannan takarda man shafawa, a ɗumama shi kafin a shafa.

Na bar takardarki ta huce wata uku kafin in amsa, don da na amsa a ranar da zumunci ya ƙare. Ni 'yar kasuwa ce, ban musa ba. Na sha sayar da busasshiyar kuɓewar bara da sunan ta bana, likitoci da injiniyoyi suna saye suna godiya. Amma a wannan cinikin ko sisi ba ni da shi. Dorkas ta faɗa a gaban lauya cewa duk abin da ya fito a kai wa Gwaggo. Albashinta ya ishe ta. Kuma ban ce ta ɗura masa ba, cewa na yi ta kula da shi kamar yadda kike bin maigidanki da maganin hawan jini. In ya faɗi gobe, Allah ya kiyaye, ke kika kashe shi?

To ga sabon labari. Lauya Irene ta gano wata ƙofa. Akwai wani titi a nan, Eastern Avenue. Tsallakensa ɗaya Maryland, ɗayan kuma birnin Washington, kuma kowane da dokarsa. A ɓangaren Washington, in mace da namiji suka ce wa juna mun zama mata da miji, suka zauna tare a haka, jama'a kuma suka san su a haka, to aure ne, ko ba liman, ko ba fasto, ko ba takarda. In kuma ya ɗauru a can, Maryland za ta karɓa. Ashe shekarunsu huɗu na farko a can tsallaken suka yi, a wani ɗan bene kusa da tashar bas, kafin su ƙaura Silver Spring. Kin ji ikon Allah, aure ya rataya a kan wane gefen kwalta ka ajiye katifarka.

Maganar Dorkas ita kaɗai ba za ta isa ba, tunda ita ke nema. Ana son mutanen da suka ji shi da kunnensu ya kira ta matarsa. Na ce wa lauya wannan ai mai sauƙi ne, duk Bahaushen da ke tsakanin Bowie da Wheaton ya san su. In Dorkas ta tabbata matarsa, ita za ta shigar da ƙarar, a bar Gwaggo da carbinta.

Ke ma ki tuna. Ko a waya, ko a takarda, bai taɓa sakin baki ba?

Jiya Dorkas ta zo shago. Ta rame har agogonsa da take ɗaurawa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta tsaya gaban buhun acca ta daɗe, ba ta saya ba.

Taki duk da haka,
Lami

Jos
2 ga Maris, 2009

Lami,

Sallama. Muna raye, wannan shi ne labarin lafiyarmu. Kin ji rikicin da ya sake ɓarkewa a ƙarshen Nuwamba. Mun gudu Toro wajen dangin maigidan, mun ɗauki Inna a bayan a-kori-kura. Sai watan jiya muka dawo, na tarar da takardarki a wajen maƙwabta. Gidan yana nan, layin bayanmu ne babu.

Maganar zobe da na yi miki, ki yafe. Zafi ne.

Na tuna iya tunawata. Bai taɓa faɗa ba. Sau ɗaya muna waya na ji mace ta yi atishawa kusa da shi, kusa sosai. Na ce wa ke nan? Ya ce talabijin ce. Na ce to Allah ya ba talabijin lafiya. Muka yi dariya, na sauya zance. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma na san ba zai shiga kotu ba.

Inna ta fara abin da ke ba ni tsoro. Da hantsi takan zauna tana fuskantar ƙofa tana ɓarar gyaɗa, tana hira da Munzali da Fatihu kamar suna zaune a tabarma. Ba ruɗewa ba ce, ta san sun mutu. Ta ce su ne ba su sani ba.

Ita wannan ɗin, mutanenta na Vom sun tsira?

Tayyiba

Wheaton
16 ga Mayu, 2010

Tayyiba,

Ina gaisuwa, ina jajanta muku rikicin Janairu kuma. Na ji muryarku a waya, amma ban iya tambayar komai ba don na ji numfashin Gwaggo kusa. Ni ƙafa ta yi sauƙi, barci ne ya ƙi. Mutanen Dorkas sun tsira, sai wani ƙanen babanta. Ta ce in gode miki da tambaya.

Fiye da shekara ban rubuto ba saboda ban saba dawowa daga kasuwa hannu wofi ba. Na ce miki samun shaida mai sauƙi ne. To na ci ƙasa.

Na fara da Dakta Umaru na Bowie, wanda a gidansa muke cin tuwon sallah. Na ce Dakta, ka san Munzali da Dorkas? Ya ce haba Hajiya, wa bai sani ba? Na ce ka taɓa jin ya ce matata? Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce wallahi bai taɓa ba. Ya ce in sun zo tare Munzali yakan ce ga 'yar garinmu, shi kuma ya ce madalla, sannu da zuwa, ya wuce wajen nama. Matarsa Rumasa'u ta ce duk layya kaso biyu take aika musu, ɗaya da yaji ɗaya babu, don ta lura Dorkas ba ta son yaji, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi na wane ne na biyun ba. A cocin Dorkas, kowace Lahadi shi ke kawo ta ya jira a mota. Sunansa a wurinsu ɗan'uwanmu mai mota.

Ni kaina fa? Duk wata sai ya zo ya sayi acca. In ce Bahaushe da acca, yaushe ka koya? Ya ce likita ya ce tana da kyau ga mai suga. In ce lallai likitan nan ya iya girki. Mu yi dariya, in ƙulla masa.

Kin gane abin da muka yi? Kara muka yi masa, mu duka. Mun ga yana jin nauyi, muka kawar da kai don kada ya ji kunya, kamar yadda aka koya mana tun muna goye. Kowa ya sani, kowa ya rufa masa asiri, har muka rufe shi ruf, yanzu an zo nema ba a ga komai ba. Na yi wa Lauya Irene bayanin kawaici, ta dube ni kamar na ce mata muna tafiya da ka. Ta ce to in kowa ya sani, me ya sa ba wanda ya faɗa? Na ce saboda muna ƙaunarsa. Ta rubuta wani abu, ban san me ba.

Sai na yi abin da kika san zan yi. Na sami Dorkas na ce, ni zan rantse. Zan ce ranar kaza a shagona ya ce Yaya Lami, ba matata acca mudu biyu. Wa zai ƙaryata ni, buhun? Sai ta ce, "Anti, sau ɗaya ya faɗa. A kicin ɗinmu na can tsallake, ina wanke-wanke, ya ce daga yau ke matata ce, sauran sai mun je gida. Ba kowa a wurin. Ita ke nan gare ni. In kika ɗora ta ƙarya a kanta, ba zan ƙara sanin wacce ce tawa ba."

Na yi ciniki da Inyamurai, na yi da 'yan Habasha, ba a taɓa mayar min da tayi irin na ranar ba.

Lauya ta ce da abin da ke hannu ba za ta iya tsayar da auren ba. Ƙofar ta rufe. Kuma doka ta ba da shekara uku daga ranar rasuwa, wato Maris mai zuwa. In ya wuce, ko Gwaggo ba ta da baki.

Shekaranjiya da azahar ina jera doya, na hango Munzali a tashar bas ta Georgia Avenue, da jakar nan tasa a kafaɗa. Na san ba shi ba ne. Amma sai da na fita har bakin titi da doya a hannu, kuma abin da ya zo bakina shi ne, Munzali, wace ce ita a wurinka? Tambayar da ba ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ba.

Ban ce ki yi komai ba. Labari na ba ki.

Lami

Jos
5 ga Disamba, 2010

Taubashiya,

Sallama da fatan alheri. Yara lafiya. Inna ta daina fita tsakar gida, sai an ɗauko ta.

Na riƙe takardarki wata shida ina juyawa. Ranar Juma'ar da ta wuce ina taje mata kai, na ga yadda gashin ya ƙare, na ce in ban faɗa yau ba zan zama ɗaya daga cikinku. Na ce Inna, Munzali yana da mace a can. Ba ta ko motsa ba. Ta ce, "Dorkas ko?"

Lami, matajin ya faɗi daga hannuna.

Ashe tun kafin rikicin farko, wata mata ta zo gidan nan da kwandon dankali daga Vom. Ta ce 'yarta tana aikin asibiti a Amurka, ta ji ɗan gidan nan ma yana can, shi ne ta ce bari ta zo su gaisa. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo fura. Suka yi hirar damina da tsadar taki har la'asar. Inna ta ce tun daga yadda matar ta ƙi haɗa ido da ita ta gane gaisuwar surukai ce. Da za ta tafi Inna ta ba ta turmin atamfa da sabulu. Ba wadda ta ce komai. Bayan rasuwar Fatihu matar ta aiko da gaisuwa ta bakin wata mai kayan miya, ba ta iya shigowa unguwar ba.

Na ce Inna, to hotunan 'yan matan da kike aika masa fa? Ta ce, "Don ya ce min yana da mata ne. Uwa ba ta tambayar ɗanta namiji irin wannan. Na buɗe masa ƙofa sau nawa, yana tsaye yana jin kunyata, ni ina zaune ina jin tasa."

Na karanta mata takardunki duka, har da wurin kofin ruwa. A nan ne ta yi kuka, wanda ba ta yi ba ko ranar da aka bugo waya. Ta ce a ɗauko takardar lauya. Har yanzu ta ce ba a kai ƙarar ajali, kuma ko kwabo ya fito kada a kawo mata. Amma in sai alƙalinsu ya yi magana yarinyar za ta sami barci, to a je. Mun kai ta gaban mai hatimi a kotu, ta dangwala. Ga ta nan na haɗo.

Ta kuma ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, kada in gyara: "A gaya wa matar Munzali ta daina tuhumar hannunta. Da ni ce a gidan, da na danne shi na ba shi, kamar yadda na yi masa yana yaro. A ce mata uwar mijinta tana gaishe ta, kuma yaya haƙuri."

Tayyiba

Wheaton
13 ga Fabrairu, 2011

Tayyiba,

Gaisuwa da godiya. Ki durƙusa ki gaishe min da Gwaggo, durƙuson gaske, ba irin naki na malaman makaranta ba.

Takarda ta iso, an shigar da ƙara da sunan Gwaggo kafin wa'adi ya cika. Na nuna wa Lauya Irene saƙonta, ko zai sake buɗe waccan ƙofar. Ta ce kotu tana son abin da aka ji yana raye, ba abin da aka faɗa bayan ya tafi ba. Don haka a duk tarin takardun nan sunan Dorkas wuri ɗaya ya fito, cikin masu ba da shaida, tsakanin likita da direban motar asibiti. Lauyar ta kuma gargaɗe mu cewa abin zai iya ɗaukar shekaru, kuma sau da yawa kamfani yakan biya a rufe magana ba tare da kowa ya ce ga mai laifi ba. Wataƙila alƙalin da Dorkas ke jira ba zai taɓa buɗe baki ba.

Ranar Lahadi bayan Dorkas ta dawo daga coci na je gidanta. Na zaunar da ita na karanta mata saƙon Gwaggo. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce wurin farkon kawai. Na ce, a gaya wa matar Munzali. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Can ta ce, "Anti, in mijin mace ya mutu a wurinku, me take yi?" Na ce takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba turare, ba fita sai da dalili. Ta ce aiki dalili ne? Na ce dalili ne. Ta ce to yaushe ake farawa?

Ke kin sani, ni na sani, ana farawa ne daga ranar da ya rasu, kuma nata ya wuce tun shekara biyu da rabi. Ba malamin da zai ce akwai wani abu a kanta. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ga yadda ta gyara zama, ta miƙe wuya kamar yarinyar da za a yi wa kitson sallah.

Na ce yau ake farawa. Juyo in cire miki 'yan kunne.

Taki,
Lami